Yadda Ake Neman Lauyan Diyya a Kano Bayan An Ji Rauni

Idan mota ta buge mutum a titin Zariya, ko adaidaita sahu ta kife da shi a wajen Kurna, kusan kowa ya san abin da ke biyo baya. Dangin direba za su zo dubiya da lemo da ayaba, su biya kuɗin kati da hoton ƙashi da maganin kwana uku, dattawa su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Kafin mako ya zagayo an je wajen 'yan sanda an ce an yafe, an saki mota. Sai bayan wata biyu likita ya ce ƙafar ba za ta haɗu ba sai an sa ƙarfe, mai gida yana kwance, shago a rufe, wayar direba kuma ta daina shiga.

Yafiya haƙƙinka ce, kuma akwai lada a cikinta. Karɓar diyya ma haƙƙinka ne, babu abin kunya a ciki. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, sannan ta bar wa dangi zaɓin su yafe. Abin da muke so a gane shi ne, kada mutum ya yafe abin da bai san girmansa ba. Ka fara sanin nawa jinyar za ta ci, wa doka ta ɗora wa biya, da kwana nawa suka rage maka. Lauya ne zai gaya maka waɗannan, kuma ganin lauya ba ya nufin ka kai ƙara.

Takardun da lauya zai fara tambaya

Shari'ar rauni a kan takarda take tsayawa, kuma yawancin takardun a makon farko ake samunsu ko a rasa su. Mai rauni yana fama da kansa, saboda haka a ware mutum ɗaya a gida, mai natsuwa, wannan ya zama aikinsa. Ya samu jakar leda mai zif, duk abin da ya fito daga asibiti ya shiga ciki: katin asibiti, takardar da likita ya rubuta magani, rasit ɗin kemis, na gwaji, na jini, na tiyata, hotunan ƙashi da takardar bayaninsu. Rasit ɗin injin POS yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman a zafin Kano, don haka a yi masa fotokwafi tun da sabonsa. Kuɗin adaidaita zuwa asibiti da dawowa ba shi da rasit, sai a sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka kashe.

Dalilin wannan wahala shi ne kotu ta raba diyya gida biyu. Akwai kuɗin da ka riga ka kashe ko ka yi asara, wanda sai ka lissafa shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, ka kuma kawo hujjar kowane. Duk kuɗin da ba shi da hujja alƙali zai tsallake shi, ko da ya ga ɗinkin a jikinka. Sai kuma diyyar raɗaɗi da wahala da nakasa, wadda alƙali ne ke ƙiyasta ta, kuma a rahoton likita yake dogara. Shi ya sa wanda ya tsallake asibiti ya tafi wajen mai ɗori kai tsaye yake shan wuya a kotu, don babu fayil ɗin da zai nuna yadda ƙashin yake a ranar farko. Ko da za a je ɗorin gida daga baya, a fara zuwa asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko Nassarawa, a buɗe fayil, a ɗauki hoto. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

A ɓangaren wurin haɗari, a rubuta lambar motar, da sunan direba, da sunan mai motar, domin sau da yawa mutum biyu ne. A kai rahoto sashen 'yan sandan kula da haɗurran mota na yankin, a tabbatar sun zana taswirar wurin kafin a janye motocin, kuma jami'in duba lafiyar motoci ya duba ta. Idan jami'an kiyaye haɗurra ne suka kwashe mutane, su ma suna da rahotonsu. Lambarsu ta gaggawa 122 ce. A karɓi lambar wayar shaidu biyu ko uku masu zama a wurin, kamar mai shayi ko mai faci ko mai shago, don fasinjan da ya wuce ba a sake ganinsa. Hotunan da aka ɗauka kuma a bar su a cikin wayar da ta ɗauke su. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da aka samar da hoton, don haka sayar da wayar a kasuwar waya ta Farm Centre kafin shari'a yana jawo matsalar da za a iya kauce mata.

Agogo yana tafiya

Kowace irin ƙara tana da wa'adi, idan ya wuce ta mutu ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa. Wanda ya fi cin mutane shi ne na dokar kare jami'an gwamnati: wata uku kacal daga ranar da abin ya faru, idan wanda za a kai ƙara jami'i ne ko hukumar gwamnati a bakin aikinta. Wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai an rubuta musu takardar sanarwa an jira kafin a shigar da ƙara. Idan motar da ta buge ka mai lambar gwamnati ce, a nemi lauya a makon, ko kana kan gadon asibiti.

Ma'aikacin da inji ya ji wa rauni a masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Challawa nasa lissafin daban ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, mai kamfani ya sanar da NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin kwana 7, neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. A yi sanarwar a rubuce, a riƙe kwafin da aka sa wa hannu, domin "ai na faɗa wa manaja" ba ya zama hujja idan manajan ya musa. Rikicin ma'aikaci da mai aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa yake zuwa, kuma tana da reshe a Kano.

Inda ake samun lauyan

Ba kowane lauya ne na wannan aikin ba. Wanda ya yi maka takardar fili, ko wanda ya yi wa ƙaninka beli, zai iya zama gwani a fanninsa amma bai taɓa yi wa likita tambayoyi a gaban alƙali ba. Hanya mafi aminci ita ce a tambayi wanda aka taɓa karɓo wa diyya har kuɗi suka shiga hannunsa. Idan akwai lauya a dangi ko a unguwa, a ce masa ya nuna wanda ya san yana irin wannan shari'ar, don lauyoyi sun san junansu. Ana kuma iya zuwa ofishin ƙungiyar lauyoyi ta NBA reshen Kano a nemi a haɗa mutum da wanda ya dace. Wanda ke da hali ya je Babbar Kotun Jiha da ke sakatariyar Audu Baƙo ko ta Miller Road da safe, ya zauna a bayan kotu ya ga yadda lauyan yake aiki. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, kuma awa biyu sun isa a gane mai zuwa da shiri da mai zuwa neman a ɗage zama.

Wanda ba shi da ƙarfi ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, tana da ofishi a Kano. Dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar haɗari da diyyar ma'aikata a cikin ayyukanta, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. Mata da yara suna iya neman ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero ma tana da wurin ba da shawara kyauta.

A guji wanda ya zo da kansa. Mutumin da ya iske ka a ɗakin jinya ko a harabar ofishin 'yan sanda yana cewa yana da barista mai zafi, dillali ne, kuma la'adarsa daga diyyarka za ta fita. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana farautar masu ƙara ta hannun 'yan kore, sun kuma hana lauya raba kuɗin aikinsa da wanda ba lauya ba. Lauyan da ya fara hulɗa da kai ta hanyar karya ƙa'idar sana'arsa, ranar rabon kuɗi ma kada ka sa ran zai bi ta.

Sai tabbatar da cewa lauyan gaske ne, domin baƙar kwat da farar kwala ana sayar da su a kasuwa. Duk lauyan Najeriya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da lambarsa. Yana kuma da hatimin NBA mai ɗauke da sunansa da wannan lamba, wanda ake sabuntawa duk shekara, yake mannawa a takardun da ya shirya. Ka tambayi cikakken suna da lamba da shekarar da ya zama lauya, ka tabbatar a ofishin NBA. Lauyan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Kuma a je ofishinsa a gani da ido, kada a ƙulla magana a cikin mota ko a gidan abinci.

Zaman farko

A je da fotokwafi, a bar na ainihi a gida. A tambayi kuɗin ganawa tun a waya. A tafi da wani mai iya karatu idan mai rauni ba ya iyawa, kuma a ce a yi bayani da Hausa.

Tambayar farko ita ce wadda aka fi jin nauyinta: "Barista, don Allah kana da wata alaƙa da mai motar nan, ko kamfaninsa, ko kamfanin inshorarsa?" Kano tumbin giwa ce, amma duniyar lauyoyi da 'yan kasuwarta ƙarama ce. Ofishin da ke yi wa kamfanin sufuri ko masana'anta aiki duk shekara ba zai matsa musu saboda kai ba, kuma doka ta wajabta masa ya faɗa maka idan akwai irin wannan alaƙa. Surukuta da zaman majalisa ɗaya ma abin tambaya ne.

Bayan nan a tambaye shi irin wannan shari'ar nawa ya yi, nawa suka ƙare da sulhu, nawa aka kai hukunci, kuma a cikin waɗanda aka ci nawa aka karɓi kuɗin. A tambayi wanda zai riƙa zuwa kotu, shi ne ko ƙaramin lauyan ofis. Ƙaramin lauya ba laifi ba ne, amma ka san shi, ka karɓi lambarsa.

Ka saurari tambayoyin da shi yake yi maka, don a nan ake gane gwani. Zai so ya san wa ya mallaki motar, kuma direban albashi yake karɓa, ko balas yake kaiwa kullum, ko sayen motar yake yi biya kaɗan-kaɗan. Wannan ne ke nuna ko za a iya haɗawa da mai motar a ƙara, domin doka tana kama uban gida da sakacin yaronsa idan a bakin aiki ya yi shi, kuma direban haya shi kaɗai sau da yawa ba shi da abin biya. Zai tambayi inshora. Doka ta tilasta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma tun Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce, rauni da rai lissafinsu daban. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, saboda haka lauya zai duba lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora, wanda kai ma za ka iya dubawa a askniid.org. Idan ta gaske ce, dole a sanar da kamfanin a rubuce da wuri, kuma a sake sanar da shi da zarar an shigar da ƙara, in ba haka ba zai iya zamewa daga biyan hukuncin.

Zai kuma tambaye ka naka laifin, ka faɗa masa gaskiya. Idan ka tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa, ko ka hau babur ba hular kwano, ko kun yi lodi fiye da ƙima, wannan ba ya kashe ƙarar, amma kotu tana rage diyya gwargwadon naka sakacin. Gara lauyanka ya ji daga bakinka a ofis da ya ji daga bakin lauyan abokin shari'a a gaban alƙali. Abin da ka faɗa masa sirri ne da doka ta kare.

Duk wanda ya ce maka a zaman farko tabbas za a ci miliyan kaza, ko ya ce alƙalin mutuminsa ne, ka yi masa godiya ka tashi. Kafin rahoton likita na ƙarshe ya fito babu mai iya faɗin adadi.

Wace kotu

Shari'ar da 'yan sanda suka kai direba gaban majistare a Nomansland ko Gyaɗi-Gyaɗi ta laifin tuƙin ganganci ce, tsakanin hukuma da direba. Kai shaida ne a cikinta. Alƙali yana iya umartar a biya ka wani abu, amma cikakkiyar diyya sai ka shigar da taka ƙarar, yawanci a Babbar Kotun Jiha, musamman idan akwai kamfani ko inshora a ciki. Idan Musulmi ne da Musulmi, akwai hanyar kotun shari'ar Musulunci, inda fiƙihun Malikiyya ya riga ya yanka ma'auni: cikakkiyar diyya raƙuma 100 ko dinarin zinare 1,000, hannu ɗaya rabinta, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Ka tambayi lauyan wace hanya ya zaɓa da dalilinsa, kuma idan ta Musulunci ce ka tabbatar yana shiga waɗannan kotuna da gaske.

Maganar kuɗi

Nan ne zumunci ke lalacewa, kuma kusan kullum saboda an bar maganar a baki. Kuɗin aikin lauya daban, kuɗin ɗawainiyar shari'a daban: na shigar da ƙara, na kai sammaci, na rantsuwar shaidu, na rahoton likita, na kwafin takardun hukuma masu hatimi, na kawo likita da ɗan sanda kotu. Wani lauyan zai yanka jimla ya karɓi kafin alƙalami, wani zai ƙara da kuɗin kowane zaman kotu. A shari'ar da ake ɗagewa sau goma sha, wannan kuɗin zama yana taruwa ya yi nauyi, don haka a tambaya ko ana biyansa har ranar da kotu ba ta zauna ba.

Doka ta kuma yarda a yi yarjejeniyar kaso a shari'ar diyya, wato lauya ya ɗauki wani kaso daga abin da aka samu, muddin bai wuce hankali ba. Ga mai kwance ba ya nema, wannan ce ta fi sauƙi, amma a fayyace abu uku. Na farko, kafin cire ɗawainiya za a lissafa kason ko bayan an cire? Ɗauki misali an samu naira 4,000,000, ɗawainiya ta ci 400,000, kason lauya 25 cikin 100. Idan daga jimla aka lissafa, lauya ya ɗauki 1,000,000, kai ka tashi da 2,600,000. Idan bayan cire ɗawainiya ne, nasa 900,000, naka 2,700,000. Jumla ɗaya a takarda ta kawo bambancin naira 100,000. Na biyu, wa zai riƙa biyan ɗawainiyar kafin a gama, kuma idan an faɗi wa ta hau? Na uku, kason ɗaya ne idan an sulhunta da wasiƙa biyu da kuma idan an shekara uku a kotu, kuma ya haɗa da ɗaukaka ƙara?

Duk wannan a rubuta, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafinka. A ƙara da cewa ba za a karɓi tayin sulhu ba sai da yardarka a rubuce. Duk kuɗin da ka biya ka tura ta banki ko ka karɓi rasit.

Sulhu da karɓar kuɗi

Yawancin irin waɗannan maganganu da sulhu suke ƙarewa, kuma sulhu alheri ne idan an yi shi ido a buɗe. Lauya yakan fara da wasiƙar neman haƙƙi zuwa ga mai mota da kamfanin inshora. Ana iya zama gaban mai unguwa ko liman ko shugabannin ƙungiyar direbobi, lauyanka yana gefe. Akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Kano, inda abin da aka cimma alƙali yake sa masa hannu ya zama kamar hukunci. Kuskuren da ya fi tsada shi ne sa hannu a takardar sallama kafin likita ya faɗi makomar raunin: ko za a sake tiyata a cire ƙarfe, ko gashin ƙashi na wata nawa, ko ƙafar za ta koma daidai. Da zarar ka sa hannu cewa an biya ka gaba ɗaya, ƙofar ta rufe. Idan ana buƙatar kuɗin jinya yanzu, a karɓa, amma a rubuta cewa wani ɓangare ne. Idan kuma biyan kashi-kashi ne, a sa ranaku da mai tsaya wa mai biya.

Cin shari'a ma ba shi ne shigar kuɗi ba. Idan aka ƙi biya, sai lauya ya koma kotu a riƙe asusun bankin wanda aka ci, ko a kama kadararsa a yi gwanjo, kuma idan kuɗin gwamnati ne akan buƙaci yardar babban lauyan gwamnati. A tambayi tun farko ko wannan matakin yana cikin yarjejeniya.

Kana da ikon sauya lauya idan ya daina ɗaga waya ko ya bar zama yana wucewa. Ka rubuta masa, ka biya abin da ya riga ya yi, sabon lauya ya karɓi fayil ya sanar da kotu. Lambar ƙararka da sunan kotun su kasance a hannunka tun farko, don ka iya zuwa rajista ka duba da kanka. Idan lauya ya riƙe kuɗinka, ana kai koke NBA ko kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon dakatar da shi ko soke sunansa.

Ranar da kuɗi suka fito, doka ta ce su shiga asusun da ofishin lauya ya ware wa mutanen da yake yi wa aiki, wanda ba a haɗa shi da kuɗin lauya, ko kuma a biya da sunanka kai tsaye. Ka nemi ganin shaidar ainihin adadin da aka biya daga wajen mai biyan, da lissafi a rubuce na duk abin da aka cire. Idan mai raunin yaro ne, uba ko waliyyi ne ke tsaya masa a ƙara, amma kuɗin na yaron ne, a buɗe asusu da sunansa. Idan kuma rasuwa aka yi, a tantance magada tun kafin a shigar da ƙara, a rubuta sunayensu duka har da matan da ke takaba da ƙananan yara, domin kada wanda ya yi ta zirga-zirgar kotu ya karɓa shi kaɗai.